Ƙasusuwan da Na Ɓoye a Rumbu

Bana ma hadari ya dawo da halinsa na yaudara. Kwanana tara ke nan a Illela, kullum da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya a guje, sannan abin ya watse kamar ba a yi ba. Jiya ƙanena ya ce in shiga mota in kunna sanyi, wai wannan zafi ba na tsofaffi ba ne. Na ce ya kiyaye ni. A zauren nan na yi bazarar da ta fi wannan, da azumi a bakina, kuma a cikinsa na yi karatun da ya sa yau ake ce mini likitan ƙashi.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun likita a jami'a, a Sakkwato. Akwai wata babbar jarrabawa da ake yi, in ka haye ta ka shiga asibiti ka fara ganin marasa lafiya, in ka faɗi sau biyu a ce ka tattara kayanka ka nemi wani karatun. Ni kuwa na riga na faɗi sau ɗaya, kuma ilimin sassan jiki ne ya kayar da ni. Kada wani ya ɗauka daƙiƙi ne ni. Hadda nake yi irin ta makarantar allo, in ka ce in kawo maka shafi zan kawo shi daga sama har ƙasa ban yi tuntuɓe ba. Amma ranar da aka ɗora mini ƙashi a hannu aka ce na dama ne ko na hagu, sai na tsaya ina kallon malamin, shi ma yana kallona.

Wani ɗan ajin gabanmu ya ji tausayina ya ba ni gadon da shi ma aka ba shi: akwatin kwano mai ƙasusuwan mutum a ciki, ƙoƙon kai, haƙarƙari, allon kafaɗa, ƙwauri, har da ƙananan na hannu a cikin wata 'yar jaka. Haka ɗalibai suke yi a lokacin, daga hannu zuwa hannu, babu wanda ya san ko na wane ne. Yanzu ɗalibaina na roba suke riƙewa, ko su juya hoto a waya. Aka ba mu hutun mako biyar, aka ce ranar dawowa ita ce ranar jarrabawa. Na sa akwatin a tsakanin ƙafafuna a bayan babbar mota, na nufo gida.

Gidanmu yana bakin gari, ta hanyar Lafani. Babanmu manomi ne, amma ba da noma aka san shi ba. Maɗori ne, ya gada wajen ubansa, kuma a gidanmu ana cewa tun zamanin Daular Usmaniyya nan ake kawo wanda doki ya kayar. Bayan haka, in aka yi rasuwa a unguwa shi ake kira wankan gawa. To kun ji mutumin da na kawo wa ƙoƙon kan ɗan Adam cikin gida. Na san ba zai yarda ba, shi ya sa ban ko gwada tambayarsa ba. Na duba ɗaki, na ga Inna, mahaifiyata, ba abin da take bari bai sha shara ba. Na duba rumbu, na ga kusan wayam yake, sai dammunan iri guda huɗu da aka rataye can sama. Na ce nan ne wurin da babu mai shiga. Wayo ke nan a ganina.

Shekara ta biyu ke nan damina tana ƙin mu. Geron bara ko wata uku bai kai ba. Anza ake ci, 'ya'yan wata bishiya ce ta daji masu ɗacin bala'i, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, ruwan kuma shi ma nemansa ake. Rijiyar unguwarmu ta yi nisa har aka ƙara wa guga igiya sau biyu, abin da yake fitowa rabinsa laka ne, sai ya kwana a randa ya kwanta. Inna da ƙannena mata tun bayan sallar asuba suke bin layin rijiya, ba sa dawowa sai rana ta take.

Da sahur kunun dusa ne, sai anza kaɗan da gishiri. In an yi sallar asuba, ni da Baba mu ɗora wa jaki taki mu nufi gona. Mu yi sassabe, mu ƙone kara, mu zuba taki tsibi-tsibi a ƙasar da ko ciyawa ɗaya babu. Kafin hantsi ƙasa ta fara cin ƙafa ta cikin takalmi. Miyau ya kafe, harshe ya manne, in ka yi magana sai ka ji leɓenka ya tsage. Jakin ma in ya tsaya ba duka ke tayar da shi ba, sai ya ga dama. Da azahar mu dawo, kowa ya nemi inuwa ya jiƙa zane ya lulluɓa. Wannan lokacin da gari yake yin tsit, shi ne nawa. In hau tsani in zura cikin rumbu da littafina, in buɗe akwati. Zafin cikin rumbun nan, wallahi tanda ce. Gumi yana ɗiga a kan shafi, ina juya ƙashi ina rubuta sunayen wurare a jikinsa da alƙalami. Kwana goma sha ɗaya na yi haka, kuma na fara jin abin yana shiga.

Rana ta goma sha biyu hadari ya haɗu sosai, har aka ji ƙamshin ƙasa daga nesa. Baba ya ce in wuce gona ni kaɗai in ƙarasa watsa taki, shi zai sauko da iri a sussuke, kada ruwa ya zo ba a shirya ba. Ku ji wautata. Ya faɗa a gabana, na ce to, na kora jaki na tafi, ban tuna komai ba sai da na yi rabin aiki. Na bar jakin a gona na dawo a guje.

Na tarar da akwatin a gindin rumbu, a buɗe, an wanke shi an kife. Baba yana zaune a zaure, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya doguwar magana da ni.

Ya ce, "Kai, wanga. Mi kaka biɗa?"

Na ce kayan karatuna.

"Shi mutumin da ka aje cikin rumbuna, ɗan wa na?"

Na ce ban sani ba, babu wanda ya sani, na makaranta ne.

"Makaranta ta haihe shi?"

Sannan ya gaya mini abin da ya yi, a hankali, kamar yana ba da labarin kasuwa. Ya ce ya wanke rubutun da na yi masa a jiki. Ya ce ya jera shi yadda Allah ya jera shi, ya ga akwai waɗanda babu, ya naɗe abin da ya samu a sauran likkafanin da yake ajiyewa. Bai yi masa salla ba, don bai cika ba, kuma bai san addininsa ba. Amma ya kai shi maƙabarta shi kaɗai, ya haƙa, ya suturta shi. Bai kira kowa ba, domin in mutum ɗaya ya ji an ga kan mutum a rumbun maɗori, a shekarar da ake ta mutuwa, to sunan gidanmu ya ƙare, za a ce tsafi muke yi.

Sau ɗaya tak na taɓa ɗaga wa mahaifina murya a duniya, kuma ranar ce. Na ce ya kashe ni. Na ce wannan jahilci ne, da bakina na faɗa, har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na fita fuu na nufi maƙabarta, wai zan tono kayana. Da na isa na ga sababbin kaburbura jere, manya da ƙanana, duk ƙasarsu iri ɗaya. Na tsaya ina dubawa har rana ta fara juya mini kai, sannan na koma na ɗauko jaki. Hadarin ma ko ɗigo bai yi ba.

Kwana uku ina kumbure-kumbure. Ina zuwa gona, ina gaishe shi, amma iyakarta ke nan. Littafin ma na daina buɗewa, don na san inda hadda za ta kai ni. Inna ce ta tsare ni a bakin murhu ta ce in faɗa mata gaskiyar abin. Na faɗa mata. Na ce saura mako uku, in na faɗi koro ni za a yi, in dawo in zauna. Ta ci gaba da tsame anza daga ruwa. Ashe su a zatonsu karatun likita kamar na allo ne, in ba ka sauke bana ba ka sauke baɗi. Ban san abin da ta ce masa ba. Ita dai ba ta taɓa faɗa mini ba.

Washegari bayan la'asar ina kwance a gindin darbejiya, aka ce Baba yana kira. Na shiga zaure na tarar ya saki asabari, ya shimfiɗa tabarma. Ya ce in ɗauko littafin. Da na dawo, sai na ga ya kama wuyan rigarsa ya cire ta, ya ninke, ya ajiye gefe, ya juya mini baya.

"Duk abin da ke jikin wancan bawan Allah, akwai shi nan. Karanta."

Ban taɓa ganin mahaifina ba riga ba. Kuma ban san ya rame haka ba, babbar riga ce take rufa masa asiri. Ashe rabin abin da ake zuba masa da buɗa-baki turawa yake wa yara. Ƙashin bayansa ya fito ɗaya bayan ɗaya, haƙarƙarinsa kana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa, allon kafaɗarsa kamar ka sa hannu ka ɗaga. Ga tabon ƙahon wanzamai jere a gadon bayansa. Na durƙusa a bayansa na kasa taɓa shi. Hawaye ya zo mini, na yi ta haɗiye shi da busasshen maƙogwaro. Ya ce in yi sauri, ƙudaje suna damunsa.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar har zuwa kiran magariba, lokacin da yunwa take cin mutum sosai, ni da shi a zaure. In karanta sunan wuri da Turanci, in nemo shi a jikinsa da yatsa. Na ɗauko tawadar allo ina zana masa inda zuciya take, inda huhu ya tsaya, inda kowace tsoka ta kama ƙashi. Ya ce an mai da shi allo da tsufansa. In na kai gefen cikinsa sai ya zabura, ashe Maɗori guda, mai danne ƙato ya ja masa ƙafa yana ihu, cakulkuli ne maganinsa. Sunayen Turancin kuma dariya suke ba shi. Ya ce mutanen nan ba su da aikin yi, ƙashi ɗaya su ba shi suna goma.

Amma ban daɗe ba na gane ba allo kawai na samu ba. In na danna wuri na faɗi suna da ƙarfina, sai ya ce ba nan ba ne, in sauko kaɗan, kuma in na duba littafi shi ke da gaskiya. Ya hana ni kallo. Ya ce in rufe ido, wanda ya karye ba a yanka shi a duba. Ya kama yatsuna da hannunsa mai kaushi ya bi da su gefen ƙashi, ya ce ji nan ya lanƙwasa, ji nan ya yi kaifi, to in ya juya ta can na hagu ne. Ya ɗaga hannu ya sauke in ji yadda gaɓa take tafiya a ƙarƙashin tafina. Abin da na yi shekara biyu ina haddacewa, a nan na fara saninsa.

Wata rana idona a rufe ina bin haƙarƙarinsa na hagu, na ji wani ɗan ƙulli a na bakwai da na takwas. Na koma na sake bi. Na ce, "Baba, nan ka taɓa karyewa. Biyu ne, kuma ya daɗe."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "Wa ya gaya ma?"

Na ce babu kowa. Ya ce raƙumi ne ya make shi a kan iyakar ƙasa tun yana saurayi, ko Inna ba ta sani ba. Ya juya baya ya ce in ci gaba. Ran nan da muka zo buɗa-baki, dabino ɗaya ne a gidan, wani ya kawo masa daga masallaci. Ya raba biyu ya ajiye rabi a gefen tabarmata bai dube ni ba.

A cikin goman ƙarshe aka kawo wani Bafulatani a kan amalanke, magidanci, ya hau gawo yana sassaro wa shanunsa ganye reshe ya karye da shi. Shanun ma a lokacin sai ka tausaya musu, fata ce kawai da ƙaho. Baba ya ce in fara taɓawa. Mutumin ya dube ni ya dubi Baba, ya ce shi wajen Maɗori ya zo ba wajen ɗan boko ba. Baba ya ce hannu ɗaya ne. Na rufe ido na bi, na ce ƙashin nan ne da ya gitta ƙarƙashin wuya, ya karye a tsakiya, ɓarin ciki ya ɗago. Baba ya taɓa bayana ya ce haka ne, in riƙe masa kafaɗa. Muka ɗaure shi tare.

Ruwa bai zo ba sai ranar jajiberin salla. An fita roƙon ruwa sau biyu kafin nan, har da dabbobi. Da ya tashi zuwa, iska ta fara yaye rufin ɗakin girki, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Inna ta fito da duk abin da zai iya tarar ruwa, har da akwatin kwanon nan. Muka tsaya a tsakar gida yana dukanmu, babu wanda ya nemi mafaka. Ana saukowa daga idi, ko kayan salla ba mu cire da kyau ba muka nufi gona, Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna takewa. Kwana huɗu muna shuka. Rana ta biyar na hau mota da laka a farcena.

Ba zan yi muku ƙarya ba, jarrabawar ba ta zo da sauƙi ba. Ƙananan ƙasusuwan hannu sun wahalar da ni, don su ba ka iya ware su a jikin mai rai. Biyu na kuskure. Wata tsohuwar farfesa ce take tambaya, mace mai tsanani, ɗalibai suna jin takunta su shiga taitayinsu. Ta miƙo mini wani ƙashi ta ce dama ko hagu. Na rufe ido na bi gefensa na faɗa. Ta miƙo wani, na faɗa. Ta ce me ya sa nake rufe ido, barci nake ji? Sannan aka kai ni wajen mutum mai rai da aka kwantar, wani ma'aikaci mai jiki, ƙato, ko alamar haƙarƙari babu. Ta ce in nuna mata inda zan sa allura in ruwa ya taru a huhu. Na aza hannu na ƙirga ta cikin kitsen nan na tsaya. Ta zo ta danna da kanta, ta cire tabarau ta tambaye ni wa ya koya mini taɓa mutum. Na ce mahaifina. Ta ce a wane asibiti yake aiki. Na ce maɗori ne a Illela, kuma na faɗa da ƙarfi yadda na bayana za su ji.

Da aka liƙa sunaye, nawa yana ciki, na huɗu daga sama. Na karanta shi ya fi sau goma, har wani ya ture ni ya ce ba ni kaɗai na zo dubawa ba.

Na iso gida gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar, ana noman farko. Ban tsaya ajiye jaka da kyau ba na wuce gona. Na same shi a sunkuye. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba, na ci, an wuce da ni asibiti. Na shirya maganganu da yawa a mota, har da neman gafarar kalmar nan da na faɗa masa. Bai ko ɗago ba. Ya ce to, madalla, akwai fartanya a gindin kalgo, in kama kunyar can. Na kama. Raina ya ɗan sosu, gaskiya.

Da magariba muka yi salla a masallacin unguwa. Na riga shi fitowa, na zagaya bayan katanga ina neman takalmina da aka ture. Sai na ji dattawa a bakin ƙofa suna tambayarsa wai sun ga ɗan Sakkwato ya dawo, yaya aka ƙare. Na ji ya yi gyaran murya. Na ji ya bugi ƙirjinsa da tafin hannu, sau biyu.

"Ku dai bari. Wanga haƙarƙari nau da kuka gani, ya tai Sakkwato ya ci jarrabawar likita, ni ko ina nan ina noma. Na huɗu ya zo."

Ni ban faɗa masa na huɗu na zo ba, Inna kaɗai na faɗa wa. Suka yi ta dariya suna cewa ya ba su labari, ya gyara zama ya fara tun daga farko, ya tsallake zancen rumbu, ya tsallake abin da na ce masa. Na tsaya a bayan katangar nan da takalmina a hannu, sauro yana cizona, ban fito ba sai da suka watse, don kada ya san na ji.